Muhawara: me dabba ke gada daga iyaye, me kuma take samu a rayuwarta?

Ɗalibin Kiwo:
Assalamu alaikum malamai. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kuma muna ganin saniya mai yawan nono ta haifi 'ya wadda nononta bai taka kara ya karya ba. Wace ƙa'ida ce mai kiwo zai riƙe don ya bambance abin da zai wuce zuwa 'ya'ya da abin da zai tsaya kan dabbar ita kaɗai? Misali, sa da aka cire wa ƙaho yana ƙarami, 'ya'yansa za su fito da ƙaho?

Malamar Ilimin Halittu:
Wa alaikumus salam. Za su fito da shi tsaf. Ƙa'idar ita ce, abin da ke tsallakawa daga uba da uwa zuwa ɗa shi ne abin da ke cikin maniyyi da ƙwan mace, wato ƙwayoyin gado da ke jere a kan kuromosom. Saniya tana da kuromosom 60, maraƙi ya karɓi 30 daga bijimi, 30 daga uwa. Tunkiya 54 gare ta, doki 64, jaki 62, shi ya sa alfadari ke fitowa da 63 kuma kusan duka ba sa haihuwa. Ƙarfen da aka ƙona tushen ƙaho da shi fata ya taɓa, bai kai ga abin da ke cikin 'ya'yan maraina ba.

An daɗe da gwada wannan. A 1809 Lamarck na Faransa ya rubuta cewa gaɓar da dabba ke yawan amfani da ita tana ƙaruwa, kuma 'ya'ya su gaji ƙarin, har ya kawo misalin wuyan raƙumin dawa. Shekaru tamanin bayan haka August Weismann na Jamus ya yanke wutsiyar fararen ɓeraye 68, ya ci gaba da yanke ta 'ya'ya da jikoki har tsatso biyar. An haifi 901, ko ɗaya bai zo babu wutsiya ba, ko da gajeriya.

Mai Kiwon Shanu:
Malama ta yi daidai, sai dai kada Ɗalibi ya ruɗe in ya ga sa marar ƙaho yana haifar marasa ƙaho. Akwai wanda aka cire masa, akwai wanda haka aka halicce shi, kamar shanun Angus. Na biyun gado ne, kuma ƙwayar rashin ƙaho ita ce mai rinjaye. Ko kwafi ɗaya dabba ta samu, ƙahon ba zai fito ba. Mai ƙaho kuwa sai ya karɓi ƙwayar ƙaho daga ɓangarori biyu.

Saboda haka marasa ƙaho biyu na iya haifar mai ƙaho, in kowanne yana ɗauke da ita a ɓoye. Lissafin ɗaya cikin huɗu ne a kowace haihuwa. In ana son sanin ko bijimi tsantsa ne ko mai ɓoyo, a sa shi ya barbari shanu masu ƙaho. Maraƙi ɗaya mai ƙaho ya isa hujja cewa yana ɓoye da ita. In aka samu bakwai a jere duk babu ƙaho, yiwuwar mai ɓoyo ya yi hakan ɗaya ce cikin 128, to a nan hankali zai kwanta. Yanzu ma ana gwajin DNA da gashin wutsiya mai saiwa, ba sai an jira haihuwa ba.

A kuma shafa kan maraƙi da hannu. Wani lokaci za a ji ɗan ƙaho mai girgiɗi wanda bai manne da ƙashin kai ba, ya fi fitowa a maza. Wannan wani gado ne daban, ba gazawar cirewa ba ce.

Likitan Dabbobi:
Masu awaki su yi hattara da kwaikwayon wannan. A akuya ƙwayar rashin ƙaho tana tafe da matsala. In aka haɗa bunsuru marar ƙaho da akuya marar ƙaho, kowanne mai kwafi ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su samu kwafi biyu, kuma matan cikinsu sai su fito mata-maza, ba sa haihuwa. Kusan ɗaya cikin takwas na duk abin da aka haifa ke nan. Maganinsa, a tabbata ɗaya daga iyayen mai ƙaho ne, ko wanda aka cire masa da hannu.

Amma ni abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne yadda ake ɗaukar duk abin da aka haifi dabba da shi a matsayin gado. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren yana sa a yanka bijimi mai kyau a banza, ko a bar mai lahani yana ta zuba iri. Ciki ma muhalli ne. Ga misalai:

Akuyar da ba ta samun sinadarin aidin tana haifar 'ya'ya da maƙoƙo, kumburi a gaban wuya, wasu ba gashin kirki, wasu a mace. Gishiri mai aidin ya magance shi, ba canza bunsuru ba.

Ƙwayar cutar BVD, mai sa shanu gudawa, in ta kama saniya a tsakiyar ciki, maraƙin na iya fitowa ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta baya ba ta gama girma ba, yana tangaɗi, kai na rawa, ya kasa tsayuwa ya sha nono. In ta kama ta a watanni huɗu na farko, maraƙin na iya fitowa kamar lafiyayye amma yana zubar da cutar har ya mutu.

A yammacin Amurka akwai wata ciyawa mai guba wadda in tunkiya ta ci a rana ta 14 da ɗaukar ciki, ɗan ke fitowa da ido ɗaya a tsakiyar goshi. An daɗe ana zargin iri kafin a gano ciyawar ce.

Sai tagwayen saniya mace da namiji. Jijiyoyin jinin mabiyiyarsu suna haɗewa tun ciki yana ƙarami, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta girma. Fiye da tara cikin goma na irin waɗannan maraƙa juya ne. Uwa lafiya, uba lafiya, zaman ciki ɗaya ne ya jawo.

Ɗalibin Kiwo:
To Dakta, in maraƙi ya fito da nakasa, ta yaya za a gane ko daga iri ne ko daga ciki?

Likitan Dabbobi:
Littafin garke ne zai ba ka amsa, shi ya sa rubuta uban kowane ɗa wajibi ne. Ka jera nakasassun, ka duba abu biyu. In sun taru a lokaci guda, daga iyaye maza daban-daban, kuma uwayen sun yi kiwo wuri ɗaya ko sun ci abinci ɗaya, zargi abinci, guba ko cuta. In kuwa suna ɓullowa jefi-jefi shekara da shekaru, kuma in ka bi salsala uwa da uba suna komawa ga kaka ɗaya, to ƙwaya ce mai ɓuya. Haka ya faru da shanun Holstein. Cutar BLAD, wadda ke kashe garkuwar maraƙi, ta bazu a duniya ta maniyyin wasu shahararrun bijimai 'yan gida ɗaya da aka yi ta amfani da su a barbarar roba, kuma su kansu lafiyarsu ƙalau.

Haɗa dangi shi ke tono irin wannan. Uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aunin kusancin ɗan da za a haifa kashi 25 cikin 100 ne. 'Yan uba kawai 12.5. Shi ya sa ake canza bijimi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Kada a binne gawar nakasasshe da gaggawa. A ɗauki hoto, a yanki ɗan guntun kunne a sa a firiza, a ɗebi jinin uwar. Ba tare da waɗannan ba sai hasashe.

Mai Lissafin Iri:
Ku ba ni dama in koma kan tambayar farko ta nono, don ina ganin raba halaye gida biyu, na gado da na samu, yana aiki ne kawai a kan abubuwa kamar ƙaho da launi. Abin da mai kiwo ke ci da shi, nono, nama, ƙwai, haihuwa, ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne, kuma abinci da lafiya suna da babban rabo. Tambayar da ta dace ita ce: cikin bambancin da ke tsakanin dabbobin garke, kashi nawa ne daga gado?

An auna wannan da yawa. Yawan nono wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Yawan mai a cikin nonon wajen rabi. Saurin ɗaukar ciki ƙasa da kashi 10. Nauyin yaye a shanun nama wajen 20 zuwa 30.

Ga yadda ake aiki da shi. A ce matsakaicin garke lita 2,000 ne a zangon tatsa guda, ka zaɓi shanu masu ba da 2,600. Ratar 600 ce. Ka ɗauki rubu'inta, 150. Tunda rabin gado kawai ke zuwa daga uwa, in bijimin matsakaici ne sai ka raba biyu, 75. Wato 'ya'yan za su ba da wajen 2,075, ba 2,600 ba. Sauran fifikon uwar ya fito ne daga abincin da ta samu, shekarunta, lokacin da ta haihu, da tsirar da ta yi daga ciwon hantsa. Ga amsar Ɗalibi ke nan. Ba a yi asara ba, don wannan 75 ɗin ta zauna, kuma tana taruwa tsatso bayan tsatso, amma wanda ya sa ran 600 zai ce an cuce shi.

Abin da ma'auninsa ya yi ƙasa, kamar ɗaukar ciki, gyaran abinci da lura da lokacin neman barbara sun fi zaɓen iri saurin kawo sakamako.

Mai Kiwon Shanu:
Allah ya saka, Malam. Daga nan ne ake yawan tafka asara wajen sayen bijimi. Ido yana ganin ƙiba da sheƙin fata, alhali rabin abin da yake gani kwanon abinci ne. Sa da aka ɗaure aka ɗura wa abinci wata uku zai fi wanda ke bin garke kyan gani ko da irinsa bai kai ba. Ba a kwatanta dabba sai da sa'anninta, jinsi ɗaya, tazarar haihuwa ba ta wuce wata uku ba, abinci ɗaya, kuma a auna su rana ɗaya a kan sikeli. Wanda ya yi fice a cikin waɗannan shi ne abin dubawa. A ɗaya ɓangaren kuma, maraƙin da ya tsumbure saboda uwarsa ta mutu ko tsutsar ciki ta cinye shi, ƙwayoyin gadonsa ba su tsumbure ba.

Hajiya Mai Kaji:
Ni ina da ja a kan cewa uwa ba ta ba da komai sai ta ƙwayar gado. Kazar da aka yi wa rigakafin Gumboro, cutar da ke kama 'yan tsaki, 'yan tsakinta suna fitowa da kariya, har ma in ka yi musu allurar da wuri ba ta kamawa. Wannan ba abin da uwa ta samu a rayuwarta ba ne ya wuce ga 'ya'ya?

Likitan Dabbobi:
Ya wuce Hajiya, amma aro ne. Sinadaran kariyar ne uwa ke zubawa cikin gwaiduwa, ɗan tsako ya shanye, sai su yi ta raguwa har su ƙare cikin mako uku zuwa huɗu. Shi bai koyi ƙera su ba, kuma ba zai miƙa wa nasa 'ya'yan ba sai an yi masa tasa allurar. Shi ya sa ake jinkirta ta Gumboro zuwa mako na biyu ko na uku, gwargwadon ƙarfin kariyar uwa.

A shanu, tumaki da awaki ma kariyar ba ta ratsa mabiyiya ko kaɗan, ta dakashi take zuwa. Hanjin maraƙi yana tsotse ta sosai a sa'o'in farko, ƙofar tana ta tsukewa, bayan awa 24 ta rufe. A ba shi kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a cikin awa shida na farko, lita huɗu ke nan ga mai kilo 40. Maraƙin da ya rasa wannan zai yi ta gudawa da ciwon huhu, sai a ce irinsu ba su da ƙwari, alhali dakashi ne bai samu ba.

Hajiya Mai Kaji:
Na gamsu da wannan. Bari in ƙara da abin da kowa zai iya gwadawa a kan ɗabi'a. A sa wa kaza mai kwanci ƙwan agwagwa. Nata kwana 21 ne, na agwagwa 28, wani irin ma 35, kuma za ta zauna har su fashe. 'Ya'yan za su bi kazar duk inda ta sa ƙafa, su shige ƙarƙashin fiffikenta, don abin da suka fara gani yana motsi shi suke ɗauka uwa. Wannan koyo ne, kuma ƙofarsa ta fi buɗewa a ranar farko. Konrad Lorenz ya yi suna da nazarinsa a kan 'ya'yan dinya tun 1935. Amma da sun hangi ruwa sai su faɗa su yi iyo, kazar na gefe tana kai da komo tana kira. Wannan ba wanda ya koya musu. Dabba ɗaya, rana ɗaya, ga koyo ga gado.

Carar zakara ma gado ce, ko an raine shi shi kaɗai zai yi. Tsuntsaye masu waƙa kuwa sai sun ji manya suna ƙanana. An raini wasu a keɓe, waƙar ta fito guntu-guntu ba tsari. Shi kansa kwanci gado ne, an zaɓe shi an fitar daga kajin ƙwai na zamani, shi ya sa da wuya su zauna a kan ƙwai.

Mai Horar da Karnuka:
A karnuka nan ne rigimar take. Kare mai tsoro ko mai cizo, mai shi ya ce iri ne, wanda ya sayar ya ce riƙo ne, kuma sau da yawa duka biyun ne. Son kora da tattara tumaki, son ɗauko abu, bin sawu da hanci, waɗannan ana ganinsu a kwikwiyo tun kafin horo. Amma zama in an ce zauna ba a gadonsa, karyar da ta ƙware a horo 'ya'yanta daga farko za a fara.

Akwai taga daga mako 3 zuwa wajen 12 da haihuwa. Kwikwiyon da bai saba da mutane, ƙara da taɓawa a wannan lokaci ba, da wuya ya sake jiki daga baya, komai kyan iyayensa. Sannan karya mai firgita tana koya wa 'ya'yanta firgita da halinta, ban da abin da ta ba su a jini. Hanyar rarrabewa ita ce musanya: a ɗauki rabin 'ya'yan a kwanakin farko a ba wa wata mai shayarwa mai natsuwa, a gani ko sun bi ta haihuwa ko ta raino.

Cewa ana gadon sanyin hali kuwa ba shakka. A Rasha, Dmitri Belyaev ya fara a 1959 yana zaɓen dabbobin yanyawa (fox) waɗanda ba sa gudun mutum kawai yana haɗa su, cikin 'yan tsatso aka samu masu kaɗa wutsiya suna neman a shafa su. Ba horon iyayen ne ya wuce ba, zaɓen waɗanda za su haihu ne.

Ko ciwon ƙugu na manyan karnuka haka yake. Gado ne, amma a wani gwaji da aka yi da karnukan Labrador 48, an haɗa 'yan ciki ɗaya bibbiyu, aka rage wa ɗaya rubu'in abincin ɗan'uwansa. Waɗanda aka rage wa ciwon ya yi musu sauƙi kuma ya zo a makare.

Mai Kiwon Zuma:
Misalin da ya fi ƙarfi a wurina yana cikin amya. Sarauniya da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya suke. Tsutsar da aka ci gaba da ɗura wa madarar sarauta a babban ɗaki ita ke zama sarauniya, ta fito a kwana 16, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. 'Yar'uwarta da aka canza wa abinci bayan kwana uku ta fito ma'aikaciya a kwana 21, ta yi 'yan makonni a lokacin aiki ta mutu. Masu renon sarauniya suna ɗaukar tsutsar da ba ta wuce kwana ɗaya ba, don in ta girma sarauniyar ba ta yin ƙarko. To wannan a wane gida za a sa shi?

Malamar Ilimin Halittu:
A na samu, amma ikon zama ɗaya daga biyun shi ne gadon. Ƙwayoyin suna nan a jikin kowacce, abinci ne ke kunna wasu ya kashe wasu. Irinsa da yawa. Kunkurun teku zafin rairayi ke yanke jinsinsa, sama da digiri 29 mata sun fi yawa. Kyanwar Siyam kunne, hanci, ƙafa da wutsiya ne ke yin baƙi, saboda sinadarin launinta ba ya aiki sai inda jiki ya fi sanyi. A 2001 an kwafi wata kyanwa a Amurka, DNA ɗaya da ta asali, amma zanen jikinsu ya bambanta.

Ɗalibin Kiwo:
Malama, to ai ana cewa binciken efijenetik, wato na yadda abinci da muhalli ke kunna ko kashe ƙwayoyin gado, ya wanke Lamarck.

Malamar Ilimin Halittu:
An yi gaggawar faɗar haka. Gaskiya ne akwai alamomin sinadari da ke manne wa DNA su rufe ƙwaya ba tare da canza rubutunta ba, kuma abinci da damuwa suna taɓa su. A 2003 an nuna cewa ɓerayen da aka ƙara wa folik asid da bitamin B12 da makamantansu suna da ciki sun haifi 'ya'ya masu duhun gashi maimakon rawaya. A wata tsutsa 'yar mitsitsiya da ake bincike da ita, irin wannan yana wucewa tsatso da yawa. Amma a dabbobi masu shayarwa ana goge mafi yawan alamomin sau biyu, lokacin da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa da kuma bayan maniyyi ya shiga ƙwai.

Sannan ka lura da wannan tarko. In abu ya sami mace mai ciki, tsatso uku ya taɓa lokaci guda: ita, ɗan tayin, da ƙwayoyin haihuwar da ke jikin ɗan tayin. Don haka ganin alama a ɗa ko jika bai zama hujjar gado ba, sai an gan ta a tattaɓa-kunne. Binciken da ya kai nan a dabbobin kiwo kaɗan ne. Amfaninsa ga mai kiwo a yau shi ne ya ciyar da mai ciki da kyau, ba ya sa ran horo ko ƙiba za su shiga iri ba.

Mai Kiwon Shanu:
Saura ɗaya da har yanzu ake yarda da shi, wai in namiji marar asali ya fara barbarar mace ya ɓata ta har abada, 'ya'yanta na gaba za su ɗauko kamarsa.

Likitan Dabbobi:
Babu wannan. Tsohon zance ne, ko Darwin ya yarda da shi saboda labarin wata goɗiya a Ingila wajen 1820, amma da aka maimaita gwajin da dawakai da jakin dawa a Scotland ba a ga komai ba. Maniyyi ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu da rai a jikin saniya, a karya wajen mako guda. Inda ake ruɗewa biyu ne. Karya na iya haifar 'ya'yan maza biyu a ciki ɗaya in duka sun hau ta a zagaye guda. Kaza kuma tana ajiye maniyyi a bututun ƙwai mako biyu zuwa uku. Wanda ya canza zakara kuma yana son tabbatar da uban 'yan tsaki, ya ware kajin daga tsohon, ya jira mako uku cikakku, ya sa sabon, sannan ya fara tara ƙwan ƙyanƙyasa bayan kwana uku zuwa huɗu.